Kafin ki sayi injin goge-goge na tururi, duba daɓenki da wutarki da ruwanki

Kin gani a bidiyo: an saita bakin tiyo a layin tayil, tururi ya feso, baƙin datti ya narke, layi ya fito fari tas. Yanzu kin ƙudura sai kin mallaki naki. Madalla. Injin yana aiki, musamman a kan maiƙon kicin da dauɗar banɗaki, kuma ruwa kawai yake sha, babu omo babu sinadari. Amma abu uku ne ke sa a saye shi a yi amfani da shi sau biyu a cusa a sito: bai dace da daɓen gidan ba, wutar gidan ba ta ɗaukarsa, ko ruwan gidan ya toshe shi. Su za ki fara dubawa gobe da safe, tun kafin ki tambayi farashi.

1. Zagaya gidan ki ga me za ki goge.

Tayil, tarazo, sinkin ƙarfe, kan murhun gas, bangon banɗaki da kan famfo, duk suna jure tururi. Ledar ƙasa kuwa zafi na sa ta kumbura, gam ɗinta ya saki. Daɓen katako, da irin mai kama da katako da ake jerawa, danshi na shiga ta mahaɗinsa ya tashi. Bango mai fentin ruwa, takardar bango, kujerar fata, karammiski da kayan lantarki, kada tururi ya kusance su. In rabin gidanki leda ce da kafet, riƙe kuɗinki ki sayi wani abin.

2. Tsintsiya tana nan daram.

Injin ba ya zuƙe datti. Tururi sassauta shi yake yi, ƙyallen da ke bakin injin ne ke kwashewa. In kika fesa shi a kan ƙurar hunturu, taɓo za ki kwaɓa. A share tukuna.

Kuma ki faɗa wa mai shago ainihin abin da kike nema, don injuna uku ake rikitawa da wannan: mai guga da tururi na tufafi, mai wanke kafet da ke fesa ruwan sabulu ya zuƙe, da mai feshin ruwa da ƙarfi na gidan wankin mota. In kafet ne damuwarki, na biyun kike buƙata.

3. Lissafa wutarki. Nan ne gizo ke saƙar.

Dafa ruwa har ya zama tururi yana cin wuta sosai. Yawancin injunan gida suna tsakanin wat 1,000 da 2,000. Ƙaramin janareta irin na kunna fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba, kada ma ki gwada. Janareta mai 2.5 kVA zai iya ɗaukar inji mai wat 1,500, in kin kashe firij da ayon. Inbata mai 1.5 kVA abin da take bayarwa bai wuce kusan wat 1,200 ba, kuma ko babba ce, batir zai sauka da sauri. In sola gare ki, yi aikin da tsakar rana.

Sai matsalar wutar da ba ta cika ba. An ƙera injin don ƙarfin wuta 230. In a unguwarku takan faɗi zuwa 180, inji mai wat 1,500 zai koma ba da kusan 900 kacal. Zai daɗe bai yi zafi ba, tururin ya fito a jiƙe, ki ɗauka an sayar miki da jabu alhali wutar ce. Duba allon sitabilaizarki a lokacin da kika saba aikin gida, ki ga lambar da take nunawa.

In gwanjo za ki saya, ko wani zai aiko miki daga waje, juya injin ki karanta ƙaramar takardar da ke manne a gindinsa. Na Amurka 120 ne. Kika soka shi a soket ɗinmu ya ƙone nan take, taransifomar da za ta ɗauki wat 1,500 kuwa ga nauyi ga tsada. Na Ingila 230 ne, da fulogi mai ƙafa uku irin na Najeriya da Gana. Na Jamus da Faransa ma 230 ne, da fulogi mai zagayayyun ƙafafu biyu irin wanda aka saba da shi a Nijar da Kamaru.

Soka shi kai tsaye a bango. Inji mai wat 2,000 yana jan kusan amfiya 9, siririyar wayar ƙari ta bakin titi narkewa za ta yi. Kuɗin wuta dai ba abin tsoro ba ne: awa guda da mai wat 1,500 bai wuce yunit ɗaya da rabi ba a mita.

4. Zaɓi ɗaya cikin iri uku.

Na hannu ƙarami ne, tankinsa bai fi kofin shayi ba, tururin ya ƙare cikin kamar minti 10. Ya isa kan murhu da kewayen famfo. Ga falo kuwa, wahala ce.

Mai siffar mofa yana zafi cikin rabin minti, ba shi da nauyi, amma ƙasa kawai ya sani.

Mai tukunya, wanda ake ja a kan taya da dogon tiyo, shi ne mai yin komai: ƙasa, bango, lungu, katifa. Tankinsa lita 1 ko fiye. In gidan tayil ne mai yara da girki kullum, wannan nake ba ki shawara, ko da za ki ƙara wata biyu kina tari. Mai sayen na hannu don araha yakan dawo kasuwa.

A cikin masu tukunyar ma akwai bambanci. Ɗauki misalin Kärcher na Jamus. Samfurin SC 2 wat 1,500 ne, yana ɗaukar sama da minti shida kafin ya yi zafi, kuma in ruwa ya ƙare sai kin jira tukunya ta huce kafin ki buɗe ki ƙara. SC 3 wat 1,900 ne, yana zafi ƙasa da minti ɗaya, ana ƙara masa ruwa yana cikin aiki. A inda ake kawo wuta a ɗauke ba sallama, saurin nan yana da daraja, amma wat ɗin ya fi yawa. Koma mataki na uku ki ga wanda gidanki zai ɗauka. Polti na Italiya da Bissell na Amurka su ma sanannu ne, sai dai Bissell ki tabbata an yi shi don 230.

5. Bayan wat, lambobi biyu za ki nema a kwali.

Na farko matsin tururi, ana rubuta shi da bar. Ga mai tukunya, nemi bar 3 zuwa 4. A wannan matsin ruwan cikin tukunya yana haura digiri 130, shi ya sa tururin ke fitowa da ƙarfi kuma ba ya jiƙa ƙasa sharkaf. Na biyu yawan tururin da yake fitarwa a minti, da giram. Tambayi wanda yake bayarwa a kai a kai, don babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali sau da yawa ta feshin ɗan lokaci ce.

Alƙawarin kashe kashi 99.9 na ƙwayoyin cuta kuwa, a ɗakin gwaji aka auna shi, a kan abu mai tauri, ana tafiya a hankali. In kika wuce fuu, kin ɗumama ƙasa ne kawai.

6. Leƙa cikin butar lantarki da kike dafa ruwan shayi.

In kin ga farin ɓawo ya kama gindinta, ruwanku yana da gishirin ƙasa, kamar yadda ruwan rijiyar burtsatse yakan kasance a wurare da dama. Ɓawon nan shi zai taru a tukunyar injin, ya toshe bakin tiyo, ya rage zafi. Nemi inji mai matatar ɓawo da ake canzawa, ko wanda ake iya buɗewa a wanke cikinsa. Tambayi mai shago ko yana sayar da matatar, kuma nawa.

Kan tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin inbata, kamfanoni sun saɓa. Bissell yana ba da shawarar amfani da shi, Kärcher kuwa a wasu samfuransa ya ce a haɗa shi rabi da rabi da ruwan famfo. Bi littafin injinki. In za ki sayi ruwan wurin masu batir, jaddada cewa tataccen ruwa kike so, don ana sayar da mai asid a wuri ɗaya.

7. Turare ba ya shiga tanki.

Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi. Mun saba ɗiga turare a ruwan mofa. Amma humra, turaren ruwa, Dettol, bilic, omo, ko ɗigo kada ya shiga. Suna cin robar ciki, suna toshe hanya, bilic kuma in ya zama tururi kika shaƙa, ƙirji zai gaya miki. Gama gogewa, ƙasa ta bushe, sannan ki kunna kasko ki turara ɗakinki.

8. In don kuɗin cizo za ki saya.

Zafi yana kashe su har da ƙwansu, da zarar ya haura digiri 55 a inda suke. Mai tukunya ne ke iya wannan aikin. Sa faffaɗan baki, ki naɗe shi da ƙyalle don kada ƙarfin iska ya watsa su. Bi ɗinkin katifa, mahaɗin gado da bayan allon kai a hankali, kamar taƙi ɗaya da rabi a rabin minti. Tururi ba ya barin magani a baya, wanda ya ɓuya a tsagar bango ya tsira, ƙwai kuma na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Don haka maimaita bayan mako guda, ki sake. Fitar da katifar rana ta bushe sarai kafin a kwanta.

9. Yara.

Ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni. Nemi inji mai makulli a hannun riƙo, da murfin da ba ya buɗuwa sai matsi ya sauka. Sa takalmi rufaffe, ba silifas ba. In tsautsayi ya faru, sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai.

10. A shago, a gwada a gabanki.

Tafi da gorar ruwa. A zuba, a kunna, ki duba agogo ki ga ko lokacin zafin ya yi daidai da na kwali. Riƙe maɓallin minti guda cur. Ɗan ruwa a farkon feshi ba laifi, amma in ya ci gaba da tofar da ruwa, ko tururi na tsiyaya ta gefen murfi, ajiye shi. Auna igiyar wuta: ƙasa da mita 4 za ta sa ki yawon neman soket. Ƙirga kayan cikin kwali da hoton da ke baya, musamman ƙaramin zagayayyen burushi na layin tayil, don shi ne ke fara cinyewa. Sayi ƙyallen ƙasa biyu ko uku na ƙari tun a ranar, ɗaya ba ya gama falo. Karɓi rasit, a rubuta garanti da lambar injin a kai. In ta intanet za ki saya, karanta kwanakin da aka ba da na mayar da kaya, ki gwada injin ranar da ya iso.