Matashi da Lazimi: Alkawarin da Ake Cikawa Safe da Yamma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Duk shekara idan an watse daga Maulidi, a Kiyota ne ko a zawiyoyin Maraɗi da Damagaram, samari da ƴan mata da yawa kan koma gida da sabon carbi da izinin wuridi. Zuciya ta yi taushi, an ji bege, an ga dubban mutane suna hailala da murya ɗaya. Wannan alheri ne, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa ranar da babu wata inuwa, akwai matashin da ya tashi cikin bautar Ubangijinsa. Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne bayan wata biyu ko uku, lokacin da taro ya zama labari, aka koma aji, jarrabawa ta matso, carbi kuma ya kwana uku a aljihun rigar da ba a sa ba.

Lazimi a ɗariƙar Tijjaniyya ba nafila ce da mutum zai yi ranar da ya ji daɗi ya bari ranar da ya gaji ba. Wanda ya karɓa ya ɗora wa kansa shi har mutuwa, kamar mai bakance, shi ya sa idan ya kuɓuce ake rama shi. Adadinsa sananne ne: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, da safe da kuma yamma. Ga mai karantawa a natse, minti ashirin sun ishe shi. A fada, kafin a sauke shayi na farko an ci fiye da haka.

Abin da ke karya matasa da yawa ba lalaci ba ne, rashin sanin faɗin lokacin ne. Lazimin safe lokacinsa na zaɓi daga bayan sallar asuba ne zuwa hantsi, na lalura kuma har faɗuwar rana. Na yamma daga bayan la'asar zuwa isha'i, na lalura har ketowar alfijir. Ɗan lise da ke fita tun da duku-duku don ya cim ma ƙofa, ko ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni a Yamai da ke sammako don samun wurin zama a aji, bai rasa mafita ba: an yi sauƙin gabatar da na safe tun cikin dare, bayan isha'i da gwargwadon lokacin da za a karanta izu biyar. Ɗalibin da ke raba dare yana bitar darasi, ya fi masa ya rufe littafi ya yi laziminsa kafin ya kwanta, da ya wayi gari yana tsere da agogo. Ƴar'uwa mai haila da marar lafiya kuwa an ba su zaɓi, kuma babu ramuwa a kansu. Da muƙaddamai na zaunar da yaro su karanta masa waɗannan hukunce-hukunce kafin su ba shi izini, da an rage masu zamewa a ɓoye saboda kunyar tambaya.

Sai maganar waya. Daga sharuɗɗan ingancin wuridi akwai niyya, da tsarki, da suturta al'aura, da barin magana sai don lalura. Malamai sun keɓe amsa kiran mahaifi da mahaifiya, domin biyayyar iyaye ita kanta sharaɗi ce ta shiga ɗariƙa. Ba su keɓe saƙon WhatsApp ba. Mai carbi a hannun dama, waya a hagu, ido na leƙen wanda ya rubuto, ko da ƙidayarsa ta cika, wa yake ambato? Kife ta a ajiye nesa shi ne ladabi, kuma wanda ya jarraba zai ga minti ashirin ɗin nan ne kaɗai a yininsa babu mai jan hankalinsa.

Akwai kuma gaggawa, ciwon ƙuruciya. Yaro ya karɓi wuridi bana, baɗi yana tambayar yaushe za a yi masa buɗi, yana kutsawa cikin zancen ma'arifa a dandali alhali bai gama Ahalari ba. An haifi Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda, a Ainu Mali a 1150 bayan hijira. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara bakwai, ya rasa iyayensa biyu yana da goma sha shida, ya tafi Fas neman ilimi yana da kimanin ashirin da ɗaya. Babban buɗin bai zo masa ba sai a 1196 a Abi Samguna, yana da shekara arba'in da shida. Tsakanin nan karatu ne, da azumi, da zama gaban malamai, da aikin hajji. Muridin da ke son ya gaji wannan bawan Allah, ba zai tsallake salloli biyar cikin jam'i ya ce yana neman sirri ba, tunda kiyaye su na cikin abin da ya yi alkawari ranar da ya miƙa hannu.

Wanda kuma ya riga ya zame, sai ya duba wane iri ne nasa. Idan kasala ce ta sa kwanaki suka wuce, zuciyarsa ba ta fita ba, to ya ƙirga abin da ake bin sa ya rama, ko da biyu-biyu ne bayan kowane lazimi. Idan kuwa ya bari ne da niyyar ya daina gaba ɗaya, izininsa ya yanke, sai ya tuba ya koma wurin muƙaddami a sabunta masa. Muƙaddaman sun saba ganin irin wannan, kuma zuwa wurinsu bayan wazifar magariba, idan jama'a sun ragu, ya fi sauƙi ga mai jin nauyi.