Yadda ake koyar da yaro ɗinki har a yaye shi

A shagunan teloli na Kano babu aji babu allo, a bakin aiki ake koyo. Hatta hukumar samar da aikin yi ta ƙasa (NDE), a shirinta na koyon sana'a, wurin irin waɗannan masu shaguna take tura matasa. Sai dai koyarwar tana da matakai.

Da farko uba ko yayan yaro zai kai shi wurin maigida a yi magana a fili: shekara nawa zai yi, wa zai ɗauki nauyin abincin rana, kuma zai riƙa zuwa makaranta da safe ko a'a. Abin da aka fayyace ranar nan shi ke hana rigima daga baya.

Watannin farko na shara ne da guga da aike Kantin Kwari sayo yadi. A nan yake gane shadda mai kyau da ta banza, da irin zafin dutsen guga da kowane yadi ke ɗauka.

Daga nan sai a ɗora shi kan keke ba zare, ya yi ta takawa har ƙafarsa ta saba. Sai a ba shi ƙyallaye ya koyi miƙaƙƙen layi, sannan kalmasa, sannan aljihu, sannan wuya, wanda shi ke tona asirin tela.

Almakashi ne na ƙarshe. Zai fara yanka takardar buhun siminti, maigida na duba awon. Ɗinki in ya karkace ana farke shi, amma yanka in ya ɓaci sai biya.

Akwai matakin da iyayen gida da yawa ke ɓoyewa, wato lissafi. A zaunar da yaro a nuna masa yadda ake yanke kuɗin ɗinki bayan an fitar da na zare da haya da man janareta, da yadda ake rubuta awo da ranar karɓa a littafi. A kuma koya masa ya iya cewa "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zai samu ba" ana saura mako guda sallah. Wanda bai koyi wannan ba, ko ya iya ɗinki, shagonsa ba ya daɗewa.

Ranar yaye akan tara iyaye da maƙwabta a yi addu'a, maigida ya ba shi almakashi da tef, mai hali har da keke. Maigidan kirki yakan ci gaba da tura masa ragowar aikin sallah har ya tara nasa masu kawo ɗinki.