Kafin ka kama hanyar Agadas

Masana harkar ƙaura bakinsu ya zo ɗaya kan cewa mai safarar mutane kuɗinka yake so, isarka lafiya ba damuwarsa ba ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Soke dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta yi a 2023 bai rage haɗarin Sahara ba, kuma har yanzu ana tsare matafiya a Libiya ana neman kuɗin fansa daga danginsu.

Don haka, idan dillali ya ce maka ka tafi yanzu ka biya daga baya, ka guje shi, domin da wannan bashi ake bautar da mutum. Kada ka ba kowa fasfonka ya riƙe maka. Kafin ka sayar da gona ko shanu, ka tabbatar kana da biza da yarjejeniyar aiki a rubuce. Wanda ya ga alamar yaudara a Najeriya, ya kai rahoto ofishin hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP mafi kusa.