Darasin Lafiya: Abinci da Jinyar Wanda Aka Yi wa Tiyata a Ciki

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi cikin ikilisiyoyin ƙauye, sau da yawa mukan tarar da wanda aka sallamo daga asibiti bayan an yi masa aiki a ciki. Wata an ciro mata jariri ne, wani gwaiwa aka gyara masa, wani kuma taifot ne ya huda masa hanji aka ɗinke. Iyali sun sayar da akuya ko buhun masara sun biya kuɗin aiki. Amma in muka tambaya me yake ci, sai a ce koko da safe, koko da yamma. An hana shi ƙwai, da nama, da wake, da gyaɗa, wai za su sa ciwon ya yi ruwa. Bayan mako biyu ko uku sai ga ɗinki ya ƙi kamewa, a sake neman kuɗin mota zuwa asibiti.

Likita ya yanka ya ɗinke, amma jiki ne yake haɗa naman, kuma da abincin da muke ba shi a gida yake yin wannan aiki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Me ke sa ciwo ya yi mugunya?

Ƙwayoyin cuta ne, waɗanda ke shiga ta hannu mai datti, ko tsumma, ko ruwa marar tsabta. Ƙwai ba ya kawo mugunya, gyaɗa ma haka. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, mutum 11 cikin 100 da aka yi wa tiyata ciwonsu yakan kamu da ƙwayoyin cuta. A Afirka kuma, cikin matan da aka ciro wa jariri, abin yakan kai 20 cikin 100. Wanda ya rame don rashin abinci shi ya fi saurin kamuwa, domin jikinsa ba shi da ƙarfin kare kansa. Ke nan hana majinyaci abinci mai gina jiki yana jawo abin da ake gudu ne.

Kwanakin farko

A asibiti, kada mu ba majinyaci kome a ɓoye. Mu jira likita ko nas su ce a fara. Yawancin mutane ana barinsu su sha ruwa, su ci abu mai laushi cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wanda aka ɗinke wa hanji yana iya daɗewa fiye da haka. Kafin a sallame ku, ku tambayi abu uku: me zai ci, yaushe za a cire zare, kuma yaushe zai koma aiki.

A gida a fara da abu mai laushi: kunun gyaɗa, faten dankali ko na acca, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa, dafaffen ƙwai, romon kifi. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a rana, domin cikin ba ya son a cika shi lokaci guda. Wanda aka taɓa wa hanji a shigo masa da wake da ganye a hankali, a dafa su lugub, ana lura da yadda cikinsa ke karɓa.

Abinci iri huɗu da ciwo ke bukata

1. Mai gina jiki. Da shi ake yin sabon nama. Akwai ƙwai, kifi ɗanye ko busasshe, nama, wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, madarar waken soya da nono. Mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar wajen giram 70 zuwa 90 na sinadarin gina jiki a rana yayin jinya, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai a cikinsa. Saboda haka kowane cin abinci ya kasance da ɗaya daga cikin waɗannan. Idan nama ya yi tsada, waken soya da gyaɗa suna cikin rumbunmu. A soya su sama-sama, a niƙa tare da gero ko masara, a riƙa dama kunu da garin. Nono kuwa sai wanda aka tafasa madararsa.

2. Mai ba da ƙarfi. Gero, dawa, masara, acca, shinkafa, doya, dankali, da ɗan manja ko man gyaɗa a miya. In wannan ya kasa, jiki zai koma yana cin namansa, majinyaci ya rame.

3. Mai ƙara jini. Ana zubar da jini a lokacin aiki. Hanta, nama, wake, zogale, alayyafo da rama suna taimakawa wajen mayar da shi. Kada a haɗa shayi da cin abinci, domin yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu. Ƙwayar ƙarin jini takan mai da bayan gida baƙi. Wannan ba abin tsoro ba ne, kada a daina sha.

4. 'Ya'yan itace. Gwaba, lemo, gwanda, mangwaro, tumatir da garin 'ya'yan kuka suna da bitamin C, wanda ke sa bakin ciwo ya haɗu da ƙarfi. A wanke su da ruwa mai tsabta.

Ruwa da bayan gida

Yunƙuri a bayan gida yana jan ɗinki. Magungunan rage zafi irin su tiramadol, da ƙwayar ƙarin jini, da yawan kwanciya, duk suna taurara bayan gida. Majinyaci ya sha ruwa tafasasshe wajen lita 2 a rana, wato kamar ledar fiya-wata huɗu, sai dai in likita ya ƙayyade masa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Gwanda da miyar ganye suna sassauta ciki. Kada a ba shi jiƙo ko maganin wankin ciki.

Tafiya, tari da kaya

Kwanciya yini guda tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, majina kuma ta taru a huhu. Majinyaci ya riƙa zagaya tsakar gida sau da yawa a rana, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ya riƙa jan numfashi mai zurfi. In tari ya zo, ya danna matashi a kan ciwon sannan ya yi. A nisanta shi da hayaƙin murhu, ya bar taba da burkutu.

Tafiya daban, aiki daban. Naman ciki yana bukatar aƙalla mako 6 kafin ya yi ƙwari, babban yanka kuma yakan kai wata 3. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Ɗaukarta, ko daka, ko faskare, ko huɗa, na iya sa ɗinkin ciki ya saki, hanji ya turo ya yi ƙullutu a ƙarƙashin fata, sai an sake wani aikin.

Kula da ciwon

A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wurin. A bar shi a bushe. Kada a shafa toka, ko man kaɗanya, ko garin magani, kada kuma a fasa kafso a barbaɗa. Zare a asibiti ake cire shi, yawanci tsakanin kwana 7 da 14. A sha magani yadda aka rubuta har ya ƙare. Mai ciwon sukari ko mai shan maganin ƙanjamau ya ci gaba da nasa bisa umarnin likita, domin sukari mai yawa a jini yana hana ciwo warkewa. Majinyaci ya kwana cikin gidan sauro.

Ga mai jego

Wadda aka ciro wa jariri tana warkar da ciwo, tana kuma shayarwa, don haka abincinta ya fi na kowa a gidan. Kada a gasa mata ciki da ruwan zafi, kada a danna wurin ɗinkin. A bar kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa yawan kanwa da zafin jego suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama mata bayan haihuwa. Ta huta wajen shekara 2 kafin wani ciki, haihuwa ta gaba kuma a asibiti.

A koma asibiti nan take in an ga:

- zazzaɓi ko rawar sanyi
- ciwon ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya ko wari
- ciki ya kumbura, ana amai, musamman kore, ba bayan gida ba fitar da iska
- ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi yana yin wuya
- jini mai yawa, ko jiri da suma

Idan ɗinki ya buɗe har hanji ya leƙo, kada a mayar da shi. A rufe da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri wanda ya huce, kada a ba shi ci ko sha, a tafi ko da tsakar dare ne.

Aikinmu a ikilisiya

Mace takan koma rafi kwana goma bayan aiki domin ba mai ɗebo mata ruwa. Magidanci yakan ɗauki fartanya domin damina ba ta jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata za ta iya raba kwanakin girki da ɗiban ruwa na mako 6. Matasa su yi gayya a gonarsa. Mai zuwa gaisuwa ya riƙo ƙwai biyu ko kwanon waken soya. In lokacin azumi ya zo, dattawa su gaya wa majinyaci a fili cewa ya ci abincinsa. A kuma san tun yau mashin ko motar wa za a kira da dare.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne abinci ake hana mai ciwo a garinmu? Wane dalili ake bayarwa?
2. Wane abinci mai gina jiki muke da shi a rumbu a wannan wata?
3. Wa aka yi wa tiyata a cikinmu kwanan nan, kuma wa zai ɗebo masa ruwa gobe?