Ruwan Kwance Yake, Me Ya Sa Zan Duba Zurfinsa?

Wani mai karatu daga Birnin Kebbi ya rubuto cewa shi da abokansa suna shirin tuƙa kwale-kwale a Kogin Neja ta wajen Yawuri cikin watan Janairu. An ce musu su fara bincika yawan ruwa. Tambayarsa ita ce, tunda damina ta wuce kuma ruwan a kwance yake, mene ne amfanin wannan bincike?

Madalla da tambaya, ɗana. Mutane da yawa sun ɗauka kogi yana cika ne da ruwan saman da aka yi a garinsu kawai. Neja ba haka yake ba, sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne na daminarmu, wanda kan kai ƙarshen cikarsa wajen Satumba, mai kauri da laka. Na biyu kuwa ruwan da aka yi ne tun a tsaunukan ƙasar Gini. Yakan bazu a manyan fadamun ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sannan ya ratsa Yamai ya iso mana tsakiyar hunturu. Ke nan a lokacin da kuke shirin fita, ba ɗigon ruwa a sama, amma kogin yana iya kasancewa cike, ƙarfinsa yana ƙasa inda ido ba ya gani. Gangarawa za ta yi muku daɗi, dawowa ce za ta gajiyar da hannu a kan filafili.

Akwai kuma madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Yawuri tana ta saman tafkin da madatsar ta tara, don haka yadda ake tara ruwa da sakinsa yana shafar gaɓarku. Idan ruwan ya ja baya, kututturan itatuwan da tafkin ya shanye sukan matso kusa da sama, su ne masu fasa jirgi. Wanda zai yi tuƙi a ƙasan madatsa kuwa, ya sani ana iya buɗe ƙofofi ruwa ya taso ba hadari ba gajimare.

To, yaya ake dubawa? A wasu gadoji da tashoshin jirage akwai ma'aunin ruwa, wato dogon allo mai lambobi da aka kafa cikin kogin. Hukumar NIHSA mai lura da kogunan Najeriya tana bin irin waɗannan ma'aunai, tana kuma fitar da gargaɗi, sai ku saurari rediyo. Amma a ganina lamba ɗaya ba ta wadatar ba. Abin sani shi ne, ruwan hawa yake yi ko sauka? In babu ma'auni, ka kafa sanda daidai bakin ruwa da yamma, ka leƙo da safe, kwana biyu ko uku kafin tafiya. Idan ruwa ya haye sandar, ga ciyayi da karare suna biyo shi, ku ɗage tafiyar.

Kada kuma ku shiga ba ku gaida Sarkin Ruwa da masuntan wurin ba. Su suka san inda kututture yake, inda ruwa ke juyawa, da inda dorina ke kwana. Ku tambaye su lokacin da iska ke tashi, domin iskar hunturu tana tayar da igiyar ruwa a faɗin tafki. Kowa ya sa rigar kariya, kuma ku fito kafin magariba, don hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa ta hana tafiyar dare a kan ruwa.