Darasin Ciniki: Riƙon Amana Wajen Sayar Da Kasuwanci

Duk ɗan kasuwar da ya yi niyyar sayar da kantinsa, ko gidan burodinsa, ko garejinsa a unguwar masana'antu ta Trans-Amadi da ke Fatakwal, ya kamata ya sani cewa mai saye ba ya biyan kuɗi sai a kan abin da ya iya tabbatarwa. Abin da ya yi shakka a kai, zabtare shi zai yi daga farashi, ko ya janye baki ɗaya.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga wannan ba. A watan Janairu na 2024 Shell ya ba da sanarwar sayar da reshensa na SPDC, mai hedkwata a Fatakwal, ga rukunin Renaissance, amma cinikin bai kammala ba sai Maris na 2025. A tsakani, an jira amincewar gwamnati, ƙungiyoyi kuma suka yi ta tambayar wanda zai ɗauki nauyin share malalar mai a yankin Neja Delta. Ke nan mai saye yana gadon dukiya tare da nauyin da ke kanta.

Saboda haka, da farko mai sayarwa ya buɗe littattafan cinikinsa na shekaru uku, da takardun banki da na haraji, ya bar akantan mai saye ya duba. Na biyu, ya bayyana dukkan bashin da ake bin sa, har da albashin ma'aikata da kuɗin haya, kafin a tambaye shi. Na uku, ya tabbata rajistarsa da Hukumar CAC tana nan daidai. Idan da fili a ciki, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman yardar gwamna kafin ya sauya hannu. Na huɗu, ya yarda a riƙe wani kaso na kuɗin zuwa 'yan watanni, yayin da yake gabatar da sabon mai shi ga abokan cinikinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A zangunan kudu, tun da daɗewa fataken shanu suna sayarwa bashi saboda maigida ya tsaya wa mahauci. Yau lauya da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu su ne ke ƙarfafa wannan lamuni. Wanda ya faɗi aibin hajarsa da bakinsa, ya fi saurin jin an ce "na saya".