Yadda Ake Gyara Igiyar Kyamarar Kwamfuta Idan Ta Tsinke

Kyamarar kwamfuta ƙaramar na'ura ce da ake ɗorawa a kan kwamfuta. Da ita ake ɗaukar hoton mutane a shagunan da ake rajistar jarrabawa ko cike takardun neman aiki. Igiyar da ke haɗa ta da kwamfuta ita ake kira USB. Irin wannan igiya ta fara fitowa a shekarar 1996. Yau har a ƙauye an san ta, domin da irinta ake cajin wayar hannu.

Igiyar caja idan ta lalace, sai a sayi wata. Ta kyamara ba haka take ba. Yawanci a manne take da jikin kyamarar. Idan ta tsinke, aiki ya tsaya, mai shago ya rasa cinikin ranar, kuma garin da ake sayar da sabuwa yana iya yin nisa. Alhali kyamarar lafiyarta ƙalau, igiya ce kawai ta samu matsala.

Da farko sai a nemo inda ɓarnar take. Idan ɓera ne ya ci, ido zai gani. Amma sau da yawa a ciki take tsinkewa, robar waje tana nan lafiya. Sai a haɗa kyamarar da kwamfuta, a bi igiyar da yatsa ana lanƙwasa ta a hankali. Wurin da hoto ya ɗauke ko ya dawo, nan ne. An fi samun haka kusa da kan igiyar ko kusa da jikin kyamarar, domin nan ne ake yawan ja da nannaɗewa.

Kafin a sa reza, a zare igiyar daga kwamfuta. Wutar da ke cikinta bolt 5 ce kacal, ba ta jan mutum. Amma idan wayoyin ciki suka taɓa juna, suna iya lalata ramin kwamfutar, gyara ya koma ɓarna.

A yanke wurin da ya lalace a yar. A feƙe robar waje ta kowane ɓangare kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Za a ga wata takarda mai ƙyalli da siraran zaruruwan ƙarfe. Kada a yar da su. Su ne ke kare saƙo daga hargitsin wasu na'urori. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan wayoyi huɗu. Ja da baƙa su ne ke kai wuta. Fara da koriya su ne ke ɗaukar saƙon hoto zuwa kwamfuta.

A nan ne wasu ke yin kuskure. Idan kan igiyar ne ya lalace, sukan yanko kan wata tsohuwar igiyar caja su haɗa. Dabara ce mai kyau, sai dai wasu igiyoyin caja masu araha wayoyi biyu kawai gare su, na wuta. Irin wannan ba za ta kai hoto ba. Haka kuma ba kowane kamfani ne ke bin waɗancan launuka ba. Idan launukan ɓangarorin biyu sun saɓa, kada a yi cinke. A kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mita.

Wajen haɗi, a feƙe bakin kowace waya kaɗan. Siraran ne ƙwarai, reza na iya datse su, don haka hannu ya yi sanyi. A murɗa ja da ja, baƙa da baƙa, fara da fara, koriya da koriya. Murɗawa kawai tana aiki na ɗan lokaci, amma liƙi da dalma ya fi ƙarko. Wanda ba shi da ƙarfen dalma, mai gyaran rediyo na kasuwar ƙauye zai liƙe masa cikin ɗan lokaci. Fara da koriya a murɗe suke da juna tun daga kamfani. Kada a warware su da yawa, in ba haka ba hoto zai riƙa yankewa.

A naɗe kowane haɗi shi kaɗai da baƙin salatef na masu aikin lantarki. Ya fi kyau kada haɗin huɗu su faɗa wuri guda. A sa wani gaba, wani baya, yadda ko salatef ya zame ba za su gogi juna ba. Daga nan a mayar da takardar mai ƙyalli, a haɗa zaruruwan ƙarfen na ɓangarorin biyu, a naɗe duka da salatef sosai. Wasu kan ɗora tsinken ashana a wurin kafin naɗin ƙarshe, don kada ya lanƙwashe.

Sai gwaji. A haɗa kyamarar, a buɗe ta. Idan hoto ya fito, a ɗan motsa wurin gyaran a ga ko zai ɗauke. Idan kwamfuta ta ce ba ta gane na'urar ba, yawanci an sauya fara da koriya ne, ko ɗayansu bai kama ba. Idan kuwa igiyar ta ɗauki zafi ko aka ji ƙauri, a zare ta nan take, a kwance naɗin a sake duba ja da baƙa.